Goggo Ɗaci da Margar Bayan Famfo

Goggo Ɗaci ake ce mata, kuma wallahi ta ci sunan. Duk abin da ya fito daga tukunyarta sai ka runtse ido kafin ya wuce maƙogwaronka, bakinta ma ba baya ba ne. Tsohuwa ce 'yar firit, mai saurin tafiya, mai hannuwa kamar na namiji. Ɗakinta shi ne na ƙarshe a layin ɗakunan wani babban gidan haya, dab da famfo, kuma a bayan famfon, can kusurwar katanga, akwai bishiyar marga.

Margar ta girmi gidan nesa ba kusa ba. Da aka zo gini, magini ya ga ba zai iya da saiwoyinta ba, sai ya ɗan kauce da katangar ya bar ta a tsaye, tsakaninta da bulo ɗan lungu ne wanda ko kyanwa sai ta matse jiki. Galibin shekara ba za ka kalle ta sau biyu ba: baƙin ɓawo mai kaushi, da dogayen 'ya'ya kamar sanduna suna reto. Amma idan zafi ya kai zafi, sauran itatuwa duk sun yi laƙwas, sai ita ta kakkaɓe ganyenta ta saki furanni masu ruwan zinari, zara-zara, suna lilo a kan masu ɗibar ruwa.

Saboda margar nan Goggo ta shigo gidan tun tana da ƙuruciya. Mijinta mai lambu ne, yana bin gidajen mutane yana yi musu shuka da auren mangwaro da lemo, wato haɗa reshen itace mai daɗi a jikin mai ƙarfi. Ranar da suka zo duba ɗaki, shi ya ɗaga kai ya ga kwano yana yoyo, ita kuma ta leƙa ta taga ta ga marga. Ta ce nan za su zauna, ko da za su riƙa kwana da bokiti a tsakar ɗaki. Sun kuwa kwana da shi damina ba ɗaya ba. A ɗakin ta haifi ɗanta guda ɗaya tilo, a ɗakin mai lambun ya rasu, ɗan ya girma ya zama kafinta, ya buɗe shago a bakin layi, ya yi aure ya kama ɗaki a gidan.

Magani kuwa a wajen kakarta ta koya, kuma ba ta taɓa cewa ta san komai ba. Marga ta sani. Wanda cikinsa ya ɗaure ya kumbura, saiwa take jiƙa masa, ta ce ya sha kaɗan kuma kada ya yi nisa da banɗaki. Mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ta dafa masa sassaƙen ɓawo, ta tafasa ganye ya yi wanka. Tsofaffi masu raunin ciki ta fasa musu 'ya'yan margar ta kankare baƙin abin nan mai danƙo da ke ciki, don shi ya fi sauƙin aiki. Mai ciwon dasashi ta karyo masa ɗanyen reshe ya tauna. Mace mai ciki kuwa ko ɗigo ba ta ba ta, ko za ta yi birgima a ƙasa. Idan aka kawo mata jariri da ido ya yi rawaya, ko wanda ya yi amai da jini, ba ta ma ɗora tukunya, sai ta bi masu shi da faɗa har bakin ƙofa, tana tambayarsu ko an rufe asibiti ne.

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne yadda take ɗibar sassaƙen. Wani ya ɗauki gatari ya sara ya wuce, amma ita sai ta zagaya bishiyar tana shafa ta kamar mai zaɓen atamfa. In ta sami wurin da ya yi mata, ta sa 'yar wuƙarta ta tsaga daga sama zuwa ƙasa, siririn yanka da bai wuce tsawon tafin hannu ba, ba ta taɓa yanka a kwance. Sannan ta kwaɓa laka ta shafe ciwon ruf. Gefen da ta taɓa kuma ba ta komawa sai ya warke ya haɗe. Ta sha faɗa wa duk mai sauraro, da wanda ba ya sauraro, cewa abincin itace a ƙarƙashin ɓawo yake bi, daga ganye zuwa saiwa, kuma duk wanda ya zagaye kututture da yanka ya toshe wannan hanyar. Sai su ce to, Goggo, mun ji, alhali idonsu na kan bokitinsu da ke cika.

Wata shekara, damina tana shirin tafiya, aka aiko cewa ƙanwarta ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Goggo ta ƙulle kayanta ta tafi jinya wani gari, da niyyar ta ɗan leƙa ta dawo, jinya kuwa ta ja. Ba ta jima da tafiya ba wani ciwo ya shigo gidan, kumburin ciki da zazzaɓi, yana bin ɗaki-ɗaki. An je asibiti, an karɓo ƙwayoyi, amma mutanen da suka saba da ɗacin Goggo ba su yarda sun sha magani ba in bai sa sun yamutsa fuska ba.

Wani tela da ke haya a gidan ne ya fara. Ya ɗauki almakashinsa da wuƙa ya yanko ɗan sassaƙe daidai ƙirjinsa, ɗan kaɗan kamar yadda ya ga tana yi, ya shafe da laka. Matar direba ta zo ta ga laka, ta tuna Goggo ba ta komawa kan ciwo, sai ta matsa gefe ta yanki nata, ita ma ta shafe. Mai wanki ta zo ta matsa gefen na matar direba. Haka aka yi ta yi, kowa da ladabinsa, kowa yana ɗiban kaɗan, kowa yana kwaɓa laka, kuma kowa daidai inda hannu ke kaiwa ba tare da sunkuyo ba. Lakar ta rufe komai, babu wanda ya ga cewa yankan suna haɗewa da juna a ƙarƙashinta. Ba mugunta suka yi ba, biyayya suka yi da rabin ilimi.

Ɗanta kafinta ne na ƙarshe. Matarsa ta kwanta, tana murƙususu, ya fito da kurfinsa na fafe katako a hannu ya duba kututturen ya ga duk inda ido ke gani laka ce. Shi da ya tashi da maganar uwarsa a kunne, ya ce ba zai ƙara wa ciwo ciwo ba. Ya zura dogon hannunsa cikin lungun katanga, ya laluba ya ji ɓawo lafiyayye, ya sa kurfi ya cire shi tas, yanka mai kyau irin na masu sana'a. Wannan ɗan ɓawon shi kaɗai ya rage yana haɗa sama da ƙasa.

Ranar da Goggo ta dawo, ko ɗaki ba ta shiga ba. Ta hango margar da ɗamarar laka a ƙugu. Ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa, ta tari ruwa a famfo ta fara wankewa. Lakar tana zuba, farin itace yana bayyana, tsirara, babu tsinkewa. Ta zagaya iyakar inda za ta iya, sannan ta cusa yatsunta cikin lungun, ta ji gefen yankan sumul, a miƙe. Ba ta buƙaci a gaya mata hannun wa ya yi shi ba, a gidan nan mutum ɗaya ne ke yanka haka. Ta zauna daɓas a cikin ruwan da ta zubar.

Mutanen gida suka taru suna rantse-rantse, kowa yana nuna ɗan wurin da ya taɓa, wai ai bai kai komai ba. Kafinta ya zo da gudu daga shago, garin katako a gashinsa, ya durƙusa ya yi mata bayani cewa shi gefen da ba a taɓa ba ya nema, kamar yadda ta koya masa. Ta dube shi.

"Su sun ji mata ciwo," in ji ta. "Kai ka yanka ta."

Daga nan ta ɗauke masa wuta. In ya gaishe ta da safe ta kalli bango. In matarsa ta kawo abinci ta karɓa ta sa albarka, ta tambaye ta jiki, amma ko sunan mijin ba ta kamawa. Abin ya yi yawa, gaskiya, don sauran da suka fi shi ɗiba tana amsa gaisuwarsu, ko da a daƙile. Sai dai tela ɗan wani ne, kafinta kuwa nata ne, kuma a ganinta wanda ya sha bayanin tun yana goye ba shi da uzuri. Shi ma bai nemi uzurin ba. Ya rame, ya daina wasa da yaran gida, ya koma fita da sassafe.

Ana cikin haka mai gidan ya zo zagaye, wani mai tumbi da tarin makullai a ɗamara. Ya ga zoben yankan da ya zagaye margar, ya ƙwanƙwasa kututturen, ya ɗaga kai ya auna rassan da kwanon ɗakuna. Ya ce shi ba zai jira busasshen itace ya rufto wa mutane a ka ba. In ruwan farko ya sauka bishiyar ba ta fitar da sabon ganye ba, za a sare ta, kuma ba sai an nemo kowa daga waje ba tunda ga mai zarto a gida. Kafinta yana tsaye, ya sunkuyar da kai. Goggo ta san mutumin bai yi ƙarya ba.

Ta kwana biyu tana juya abin a ranta, sai ta tuna wani lemo da awaki suka gwaguye wa ɓawo a wani lambu, da yadda marigayi mijinta ya cece shi. Ta sa aka sauko mata da sababbin rassan margar masu kaurin fensir. Ta fere kowanne a karkace sama da ƙasa, ta ɗaga leɓen ɓawon da ke saman zoben ta cusa kai ɗaya, ta ɗaga na ƙasa ta cusa ɗayan, reshen ya tsallake farin wurin kamar gada. Ta ɗaure da tsumma, ta narka kyandir ta liƙe bakin, ta bi da laka. Da gani ta koya, ba da yi ba, wasu suka karye ta sake. Da ta zo gefen katanga ta yi ta ƙoƙarin zura hannu har gwiwar hannunta ta saluɓe, ba ta kai ba. Kafinta yana bayanta tun farkon aikin, ya ce a hankali ta bari ya gwada. Ba ta waiwayo ba, ta tattara wuƙarta da guntun kyandir ta shige ɗaki.

Daga ranar ta rufe bayar da saiwa da sassaƙe. Wanda ya zo ta ce masa marar lafiya ba ya jinyar wani. 'Ya'yan da suka faɗo da kansu kaɗai take tsinta, da su ta taimaki tsohon mai gadin layi da cikinsa ya ɗaure. Mutane suka fara ƙananan maganganu, wai Goggo ta fi son itace a kan ɗan'adam. Maganar ta iso kunnenta, ta ce a gaya musu itacen nan ya yi wa iyayensu magani ya yi musu, kuma in sun bar shi zai yi wa 'ya'yansu, su kuwa ba ta ga wanda suka taɓa warkarwa ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Margar ta zubar da ganye kamar kullum, ta tsaya fayau, ba mai iya cewa barci take ko mutuwa. Goggo takan zauna a gindinta da rana tsaka, ta jingina bayanta, tana kallon tsummokaran da suka koɗe a rana. Tsoro ya hana ta kwance ko ɗaya.

Sai wata safiya matar direba ta fito da bokiti, ta ɗaga kai, ta saki bokitin.

Margar ta yi fure. Ba irin wanda aka saba gani ba, a'a. Kowane reshe, har ƙananan da ba su taɓa yin komai ba, ya saki igiyoyin furanni, suna saukowa kan juna har ba a ganin sama ta tsakaninsu. Hasken da ke shiga ɗakuna ya koma ruwan zinari, farar rigar da mai wanki ta shanya ta zama rawaya a ido. Ƙamshi ya cika gidan ya fita layi. Ƙudan zuma suka zo daga inda Allah kaɗai ya sani, gunjinsu ya rufe ƙarar famfo. Tela ya tsayar da kekensa ya fito da tsinin allura a baki ya manta da ita. Direba ya makara aiki bai damu ba. Masu wucewa suka riƙa leƙowa ta ƙofa, wasu su yi sallama su shigo, su tsaya da baki buɗe suna tasbihi. Manya suka rage murya ba tare da an ce su rage ba, yara ma suka daina guje-guje a wurin.

Goggo ta tsaya a ƙofar ɗakinta. Tun tana amarya take kallon furen bishiyar nan, ba ta taɓa sanin tana ɗauke da wannan a cikinta ba. Ta ji kanta ƙarama ƙwarai, ita da 'yar wuƙarta da tukunyarta, ta yi shekara da shekaru tana tsammanin ta san marga. Hawaye suka zubo mata, mutane suka ɗauka na murna ne, suka yi ta yi mata barka. Mai gidan ma ya zo ya ce to, ai magana ta ƙare, bishiya ta warke.

Ita kaɗai ta san ba haka ba ne. Mai lambu ya taɓa gaya mata cewa itacen da aka zagaye da yanka, abincinsa ba ya samun hanyar sauka, sai ya taru a sama, itacen ya juye shi duka a fure, ya yi adon da bai taɓa yi ba, saiwa kuwa tana can tana mutuwa da yunwa. Kyan nan da ake ta kallo zai iya zama sallama. Ba ta gaya wa kowa ba, ta bar su da murnarsu, ita tana kallo da sha'awa da fargaba a haɗe.

Da furen ya fara zuba, tsakar gida ta rufe da rawaya, ta ga ba sauran jira. Ta ɗauki wuƙa ta kwance tsumman farko. Reshen ya bushe ƙayau, ta taɓa shi ya faɗo. Na biyu ma haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana kankarewa da farce ko za ta ga kore, sai baƙi da ƙura. Rana ta gasa su tun kafin su kama. Guda ɗaya ne, can wajen famfo inda ruwa ke fantsama, ya nuna ɗan danshi, shi ma siriri ne, ba zai ciyar da bishiya irin wannan ba. Ta zauna da matattun rassa a cinya, ta ji baƙin cikin da ba ta ji ba tun mutuwar mijinta. Ta hango ɗanta da zarto a hannu, a wannan wurin, bisa umarnin mai gida, ta san in hakan ta faru har ta mutu ba za ta iya kallonsa ba.

Don kada a ga fuskarta ta jawo tsintsiya ta hau shara. Ta share gaba, ta share gefe, ta tura tsintsiyar cikin lungun katanga don ta zaro furen da ya cushe, sai tsintsiyar ta sarƙe a wani abu. Ta ja, ta ƙi fitowa. Ta manna kuncinta da bulo ta leƙa da ido ɗaya.

Akwai rassa a ciki, a jere, a tsaye, waɗanda ba ita ta sa ba. An fere su daidai wa daida, an ɗaure su da farar igiyar da kafintoci ke ja don fitar da layi. Inuwar katanga ta kare su daga rana. Ta cusa hannu iyakar ƙarfinta, kan yatsanta ya taɓo na kusa, ta ji ya yi kauri ya kusa babban yatsa, bakinsa ya kumbura ya haɗe da ɓawon sama kamar dama can tare aka halicce su. Ta kankara da farce, ta zaro hannun ta duba. Kore ne shar, da danshi. Ta kai bakinta, ɗacin ya ratsa ta har ƙeya, ba ta tofar ba.

Ta daɗe a tsaye da hannu a jikin kututturen. Sannan ta gyara ɗaurin zaninta, ta fita gidan ba takalmi, furanni maƙale a ɗankwalinta, ta miƙe layi har shagon. Kafinta yana goge wani katako, ya ɗago ya gan ta a ƙofa, ya ajiye abin gugar ya miƙe tsaye, bai san me zai yi da hannuwansa ba. Ya buɗe baki zai gaishe ta, sai ya fasa, don ya saba ba a amsawa.

"Ɗauko wuƙarka mai kaifi," in ji Goggo. "Igiyar nan da ka ɗaure ta matse su, sun yi ƙiba, ta fara cin jikinsu. Zo ka kwance, ɗana. Ni hannuna ba ya kaiwa."